Rigata a Kan Kabbasa

Salamu alaikum, jama'ar gidan nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto min cewa taurin kaina zai sa in tsufa a ɗakin uwata. Na gode, Allah ya bar zumunci. Yau dai ku ajiye faɗan ku saurare ni, don abin da ya same ni ranar Alhamis ko maƙiyina ba na yi masa fatansa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Rufaida, a Birnin Kudu nake, shekarata ashirin da huɗu, sana'ata saƙa. Shekara shida ke nan ina riƙe da kwarashi ina saƙa wa jariran mutane hula da safa da rigar sanyi. A ranar da nake ba ku labari saura kwana tara a ɗaura min aure da Zulkifli, malamin firamare a Gwaram, ɗan gidan malamai masu makarantar Islamiyya. Kuma ni da hannuna na saƙa rigar da nake so in sa ranar buɗar kai, ranar da za a zaunar da ni a gaban danginsa a yaye min mayafi.

Wata bakwai na yi a kanta. A bayan wani tsohon littafina na makaranta na fara zana ta, na soke, na sake, har takardar ta huje. Ruwan madara ce, da wani siririn zare mai sheƙi da na sa aka sayo min daga Kano. Doguwa har idon sawu, hannu har wuyan hannu, wuyanta a rufe ruf. Daga ƙugu zuwa ƙasa na jera zanen zangarniyar gero, layi bayan layi, kowane layi ya fi na samansa faɗi. Ƙirjin kaɗai sau uku na warware shi. Shafin ciki kuwa na kai wa tela, don kada wani ya ce ya hango fatar amarya ta ramukan saƙa.

To ina matsalar? A gidan su Zulkifli ba amarya ke zaɓen kayan buɗar kai ba. Gwaggon ango ce ke buɗe akwatin lefe ta ɗaga abin da ya yi mata, ta ce wannan za a sa. Gwaggo Mero, yayar mahaifinsa, ita ke wannan aikin shekara talatin, kuma ba a taɓa samun amaryar da ta ce mata uffan ba. Ni ta zaɓa min wani koren leshi mai duwatsu, mai nauyi kamar buhun gishiri.

Kada ku ce leshin nake ƙi. Leshi mai kyau ne, wallahi. Tsoro nake ji. A gidan nan matan ba sa sana'a, kuma na riga na ji ana cewa saƙa aikin zaman banza ne, in na samu ɗaki zan manta da ita. Zuciyata ta ba ni cewa in na shiga gidan da abin da suka zaɓa min, kwarashina a ƙasan akwati zai ƙare. In kuwa na shiga da aikin hannuna a jikina, kowa ya gani ya san wadda aka kawo musu.

Innata ba ta taɓa goyon bayana ba. Wata bakwai ɗin nan ko da ɗan yatsa ba ta taɓa rigar ba. In ta shigo ɗaki ta same ni a kai, sai ta kawar da kai ta ɗauki abin da ya kawo ta.

"Ke dai kina neman ja mana magana," haka take cewa. "Mutane sun kawo kaya na mutunci, ki ce ba ki so? A ce me, a ce ba mu ba ki tarbiyya ba?"

"Inna, rana ɗaya ce fa."

"Ita rana ɗayan ake tunawa har ki tsufa."

Zulkifli ne ya yi ta zirga-zirga tsakanina da gidansu har ya samo min ƙofa. Ranar Litinin saƙonsa ya shigo:

"Gwaggo ta yarda za ta zo Alhamis ta gani da idonta. In ta yi mata, shi ke nan. In ba ta yi mata ba, don Allah Rufaida kada ki ja."

Na rubuta masa: "In na ja fa?"

"Ki rufa min asiri. Da ƙyar na samo wannan ɗin ma."

Ranar Alhamis tun da safe gidanmu ya kacame da aiki. Baba ya tafi gona can wajen Surko, ya bar mu mu biyu. Inna ta share tsakar gida sau biyu, ta fito da sabuwar tabarma, ta ɗora dambun shinkafa da zogale, ta yanka zakara. Fuskarta a murtuke. Ni kuma na fito da rigar daga jakar da nake ɓoye ta, na shimfiɗa ta a kan gadon Inna, na gyara mata hannaye, na tsaya ina kallonta har idona ya ciko. Ban taɓa yin abu mai kyanta ba.

Ƙarfe goma saura saƙo ya shigo: "Sun shiga mota. Ki yi murmushi, ki rage wannan kallon naki."

Na zari hijabi na ruga wajen tela karɓo shafi. Tela kuwa tela ne, kun san halinsu. Shafin da ya rantse min ya gama tun Talata, na same shi ko kalmasa bai yi masa ba. Na tsaya a kansa ina masifa yana "yanzun nan, amarya, yanzun nan," har kusan minti arba'in suka wuce.

Tun daga zaure na ji warin. Ƙamshin turaren wuta ne mai kyau, irin wanda Inna ke ɓoyewa a gwangwani sai ranar salla, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai ɗaci, kamar an jefa leda a murhu. Na yar da takalma na faɗa ɗakin.

Inna na durƙushe a ƙasa. Kabbasa, wato kwandon nan da muke kifawa a kan kaskon turare mu ɗora kaya, ta wuntsila gefe guda. Garwashi ya watse a siminti. Rigata tana kan cinyar Inna.

A gabanta, daidai ƙasan gwiwa, akwai rami mai faɗin faifai. Bakin ramin ya yi baƙi ya ƙanƙance ya yi tauri. Zangarniyoyina na layi shida sun narke. Zaren nan mai sheƙi akwai roba a cikinsa, ni na sani, shi ya sa ko dutsen guga ban taɓa kai shi kusa da ita ba. Amma ban taɓa faɗa wa Inna ba. Me zai sa in faɗa wa wadda ko kallon rigar ba ta yi?

Yanzu zan faɗa muku abin da na yi, ku zage ni in kun ga dama, ni ma na zagi kaina.

"Hankalinki ya kwanta yanzu?" na ce.

Ta ɗago ta dube ni.

"Da kin ce min kawai ba za ki bari in sa ba, Inna. Wata bakwai! Kin jira sai yau, sai da na fita? Da gangan kika yi, wallahi da gangan kika yi!"

Ni Rufaida, ni na ɗaga wa mahaifiyata murya har maƙwabta na iya ji. Na fizge rigar daga cinyarta, a nan ne ta yi wata 'yar ƙara ta janye hannu, na kuwa ga tafin hannunta na dama. Ya yi jajir, ya tashi bororo, ga baƙin zaren da ya narke ya manne mata a yatsu uku. Da hannu ta cafko rigar daga wuta.

"Na shigo na gan ta a shimfiɗe ba ƙamshi," ta ce a hankali, idonta a ƙasa. "Na ce yaya za a nuna wa surukai kayan amarya ba a turara ba? Sai su ce ba ta da uwa. Na ɗora ta yadda nake ɗora atamfa, na lulluɓe da zane, na je duba tukunya. Ban san tana zurarewa ta ramukan kwandon ba."

Haka ne kuwa. Atamfa in ka ɗora ta tana nan inda ka ajiye ta. Saƙa nauyi gare ta, ga miƙewa, in ta ji ɗumi sai ta saki jiki ta bi rami ta sauka. Ta sauka har ta taɓa garwashi.

Ina neman kalmar da zan fara da ita, sai muka ji daga zaure:

"Salamu alaikum, masu gida!"

Inna ta miƙe zumbur. Ta tura garwashin bayan ƙofa da ƙafa, ta ja mayafi ta rufe hannun, ta fita tana "maraba, maraba, sannunku da hanya," da wata murya kamar ba abin da ya faru. Ni na tsaya rungume da rigar.

Gwaggo Mero doguwa ce, siririya, da farin gilashi da hijabi ruwan toka har ƙasa, carbi naɗe a hannu. Ta zo da wata mata mai jiki da ta rako ta. Aka zauna a tabarma, aka gaisa, aka tambayi Malam mahaifin Zulkifli, aka tambayi damina, aka sake gaisawa. Na fito lulluɓe na durƙusa can nesa na gaishe su, na ajiye ruwa. Inna da hannun hagu ta tura musu kofi, na ga Gwaggo ta lura.

Ta ɗan shaƙi iska. "Leda kuke ƙonawa ne?"

Inna ta gyara mayafinta. Gwaggo ta juyo gare ni.

"To, amarya, ina abin da aka taso ni in gani?"

A cikin daƙiƙar nan na yanke shawara. Na ce gara in rasa rigar da a ce a Gwaram uwata ta ƙona kayan 'yarta.

"Gwaggo, na fasa," na ce. "Ku yi haƙuri da wahalar da aka ba ku."

"Kin fasa?" Ta sauke gilashin ta dube ni ta samansa. "Tun daga Gwaram na taso da ciwon gwiwata, ki ce kin fasa? A'a, 'yar nan. Je ki ɗauko. Ko ba za a sa ba, sai na ga abin da ya hana yaron nan barci."

Na dubi Inna. Ta gyaɗa min kai kaɗan. Na shiga na ɗauko, na ninke ta yadda ramin zai ɓuya, na ajiye a gabanta kamar mai ajiye gawa.

Gwaggo ta warware ta. Ta fara da wuya, ta bi hannu, ta juya cikin tana neman ƙulli, ba ta samu ba. Ta ja ɗinkin kafaɗa da ƙarfi, bai motsa ba. Matar da ta rako ta ta riƙe haɓa.

"Kai! Amma an zuba aiki a nan. Da hannu kuwa? Hajiya, dubi kan geron nan don Allah."

Gwaggo ba ta kula ta ba. Ta ci gaba da buɗewa har ramin ya bayyana. Ta sa yatsa ta taɓa baƙin wurin. Ta leƙa ƙofar ɗaki ta hango kabbasa a yashe. Sannan ta juyo ta dubi Inna, sai na ga murmushi ya bazu a fuskarta, na farko tun shigowarta.

"Malama A'i, Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Kin hutar da ni. Tun a mota nake tunanin yadda zan ce a'a ban ɓata wa yaron nan rai ba. Ashe kin riga ni. Haka uwa take yi, in yarinya ta ƙi jin magana a yi mata aiki a gama. Yanzu na san gidan mutunci muka nemi aure."

Jama'a, kun ji fa. An buɗe wa Inna ƙofa har da shimfiɗa. In ta yi shiru kawai, shi ke nan, ta zama uwar kirki a bakin surukai, a ci dambu a rabu lafiya. Ni kuwa 'yar fari ce. Kun san kunyar ɗan fari a wajen iyayenmu. Tunda na yi wayo Inna ba ta taɓa yabona a gaban mutum ba, ba ta taɓa shigar min faɗa ba, ko da ni ke da gaskiya. Na sunkuyar da kai ina jiran ta ce amin.

Sai na ji motsin mayafi. Ta fito da hannun ta ɗora a gwiwa, tafin a sama.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ta ce. "Ba haka aka yi ba."

Matar nan ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Hannunki!"

"Turara ta nake yi don ki same ta da ƙamshi. So nake ta yi miki." Inna ta ci gaba da cewa, "Wata bakwai ina kallon yarinyar nan ta wutsiyar ido. Yatsanta ya fashe ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Ko sannu ban taɓa ce mata ba, kullum faɗa. Yau da na gan ta a shimfiɗe na ji kunyar kaina. Ba raina lefenku muka yi ba, Allah shaida ne. Amma ni na ɓata, ba ita ba. In ta iya gyarawa kafin ranar, alfarma nake roƙo a bar ta ta sa."

Hawaye suka ɓalle min. Na cusa hijabi a baki don kada a ji.

Murmushin Gwaggo ya ɗauke ɗif. Ta ninke gilashinta a hankali.

"Au. Ni na zaci yarinta ce ke ɗibar ta, ashe da ɗaurin gindi." Ta ture rigar daga cinyarta. "Ƙonanniyar riga, a gidanmu, ranar buɗar kai? A gaban matan malamai? Shekara talatin ina fitar da kayan amare, yau ni za a koya wa?"

"Hajiya, ba koya miki..."

"Tashi mu je," ta ce da 'yar rakiyarta.

"Ga abinci an gama, don Allah ku taɓa."

"A ƙoshe muke. Zan je in faɗa wa Malam abin da na gani da abin da na ji."

Inna ta bi su har zaure tana ba da haƙuri. Ruwan da na kawo ko kurɓa ba a yi ba.

Da ta dawo na zube a gabanta na kama ƙafarta. Na ce ta yafe min, na ce bakina ne ya ci amanata, na ce abubuwa da yawa da ban ma tuna ba. Ta ce in tashi, ba ta son shirme. Na kawo ruwan sanyi ta tsoma hannun, na ɗauko zuma na shafa mata, ina ɓare zaren da ya manne a hankali tana cije leɓe.

"Zare ya rage?" ta tambaya.

"Dunƙule ɗaya da rabi."

"Zai isa?"

"Sai an warware ta tun daga ƙasa har saman ƙunar, a nannaɗe zaren mai kyau a sake da shi. Aikin wata biyu ne, Inna."

"Kwana tara kuma gare ki."

Wayata ta fara ruri a kan gado. Zulkifli. Ta katse, ta sake. Sau uku ban ɗauka ba, don na san in na ji muryarsa narkewa zan yi. Ina son bawan Allahn nan, kada wani ya ce muku ba na son sa. Shi ne mutum na farko da ya taɓa ɗaga saƙata ya ce wannan ai ilimi ne. Sai ga saƙo:

"Gwaggo ta kira Baba tun daga tasha, har da kuka. Baba ya ce kada a kawo kayan ɗaki ranar Asabar sai an zauna. Rufaida, kalma ɗaya nake nema. Ki ce leshin za ki sa, in je in kashe wutar nan kafin la'asar."

Ban gama haɗiye wannan ba wani ya biyo:

"Na ga kin karanta. Don girman Allah ki yi magana."

"Me ya ce?" in ji Inna.

Na karanta mata duka, ban rage komai ba. Ta dubi hannunta.

"Ke za ki zauna da su, ba ni ba," ta ce. "In kika ce leshi, ba ki yi laifi ba, ni zan ɗaura miki ɗankwalin da kaina. In kika ce wannan, ki san ba ƙaramin abu kika tsokano ba, kuma ban san inda zai tsaya ba." Ta yi ajiyar zuciya, ta gyara zama, ta miƙo min hannunta na hagu. "Saƙa dai ban iya ba. Amma in warwara ce, hannu ɗaya ya isa."

Wayar ta sake ɗaukar ruri, sunansa na haskawa. Na dube ta, na dubi hannun da ke miƙe. Na kifa wayar a kan katifa, na jawo rigar, na laluba ƙasanta na tsinke ƙullin ƙarshe, na sa bakin zaren a hannun Inna.

Ta ja. Layin farko ya fara warwarewa, wayar kuma ba ta daina ruri ba.